Filin Tambaya da Amsa: Janar Slim da Yaƙin Boma

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka taɓo zancen mazan jiya a fitowar da ta wuce saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yaƙin Boma da mutumin da ya jagorance shi. To shi ne na ga gara in tattara su wuri guda mu yi musu zama ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni jikan tsohon soja ne, kakana Allah ya jiƙansa ya je yaƙin Boma, muna yara in ya zauna a zaure da daddare ba shi da hira sai ta daji da ruwan sama da sauro da sojan Japan. Abin da ban taɓa tambayarsa ba har ya rasu shi ne wai waye babban kwamandansu a can? Kullum Montgomery da Rommel nake ji, su kuma an ce min a hamada suka yi nasu. Daga wani ɗan'uwa a Sabon Garin Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Gaskiya ne ɗan'uwa, waɗancan biyun a hamadar Masar da Libiya suka gwabza. Mutumin da kake nema sunansa William Slim, Baturen Ingila, shi ne kwamandan runduna ta 14 wadda ta kori Japan daga Boma, ƙasar da yanzu ake ce wa Myanmar. Sojojinsa da kansu suka laƙaba wa rundunar suna wai rundunar da aka manta da ita, saboda jaridun Landan duk hankalinsu na kan Hitila, su kuma suna can ƙarshen duniya ba mai labarinsu, kayan yaƙi ma sai abin da ya rage ake turo musu.

Abin da ya fara burge ni da shi shi ne asalinsa. Manyan hafsoshin Ingila na wancan zamanin yawanci 'ya'yan masu da shi ne, shi kuwa ɗan mai sayar da kayan ƙarfe ne, an haife shi a Bristol ranar 6 ga Agustan 1891, ya tashi a Birmingham, kasuwar mahaifin ta karye, ba kuɗin da za a kai shi makarantar horar da hafsoshi. Sai ya kama koyarwa a firamare a unguwar talakawa, yaran da ke zuwa aji da yunwa wasu ko takalmi babu, daga baya ya koma akawu a wani kamfanin ƙera bututun ƙarfe. Amma son soja na nan a ransa, har ya samu ya kutsa cikin ƙungiyar horon soja ta jami'ar Birmingham a 1912 alhali shi ba ɗalibin jami'ar ba ne. Wannan ce ta yi masa rana, don da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 sai aka ba shi ƙaramin laftanar na wucin gadi.

A 1915 aka kai su Gallipoli a ƙasar Turkiyya, harsashi ya ratsa masa huhu ya farfasa kafaɗa, kowa ya ɗauka shi da soja kuma sai dai labari. Bai haƙura ba, ya warke ya koma, aka tura shi Iraƙi, can ma aka sake raunata shi a 1917, ya samu lambar jarumta. Da yaƙi ya ƙare sai ya duba aljihunsa, a sojan Ingila hafsa ba ya iya rayuwa da albashi kaɗai sai da dukiyar gida, shi kuma ba shi da ita, to sai ya nemi canji zuwa sojan Indiya inda albashi ke isa. Can ya faɗa cikin 'yan Gurka, mutanen tsaunukan Nepal, ya koyi yarensu ya koyi Urdu. Ko bayan ya yi aure a 1926 kuɗin ba sa isa, sai da ya riƙa rubuta gajerun labarai yana sayar wa mujallu da sunan aro, Anthony Mills, don ya riƙe gida. Shekara ashirin yana hawa a hankali a hankali, sai da ya kusa shekara 47 ya samu laftanar kanar.

Yaƙinsa na farko a matsayin babban kwamanda a nan Afirka ya yi shi, kuma bai yi kyau ba. Watan Nuwamban 1940 ne a Gallabat, kan iyakar Sudan da Habasha, 'yan'uwanmu Hausawan Gadarif sun san wurin sarai. Ya ƙwace ganuwar garin daga hannun sojan Italiya, sai jiragensu suka yi ta ruwan bama-bamai, tankokinsa suka lalace, wasu sojojinsa suka firgita suka watse, shi kuma ya fasa matsawa garin Metemma da ke tsallake. Daga baya da alƙalaminsa ya rubuta cewa laifin nasa ne, tsoro ya ba shi shawara ya bi. Ka riƙe wannan halin nasa don za mu sake cin karo da shi. Watan Janairun 1941 jirgin Italiya ya harbe shi a Eritiriya, rauni na uku kenan. Yana tashi aka ba shi manjo janar, ya ja runduna a Iraƙi da Siriya da Iran duk a 1941 ɗin, sannan a watan Maris na 1942 aka kira shi Boma, lokacin wuta ta riga ta ci rabin gida.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karanta tarihi, kuma abin da na gani shi ne wannan Slim ɗin da gudu ya fara, Japan suka kore shi har Indiya. To ta yaya mutumin da ya gudu za a ce yana cikin gwanayen janarori? Ko dai Turawa ne kawai ke wasa nasu? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

AMSA: Malama tambayarki ta yi kyau, kuma ba ki yi ƙarya ba, an kore shi kora mai muni. Ya iso Rangoon, babban birnin Boma a lokacin, ta riga ta faɗi, aka miƙa masa runduna biyu da suka jigata, ba jiragen sama, ba isassun taswirori, ba labarin inda abokan gaba suke. Suka yi ta ja da baya wajen mil 900, kusan tafiyar Legas zuwa Maiduguri, yawanci a ƙafa, suka ƙona rijiyoyin man Yenangyaung da hannunsu don kar Japan ta amfana, a bakin kogin Chindwin suka bar tankoki da motoci saboda ba yadda za a tsallakar da su, damina ta same su a kan duwatsu a watan Mayu, suka shiga Indiya da tsumma da zazzaɓi. Sun rasa mutum wajen 13,000. Ja da baya mafi tsawo kenan a tarihin sojan Birtaniya.

Ni inda nake ganin girmansa shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya zauna ya lissafa dalilan da suka sa aka ci su ɗaya bayan ɗaya, ya sa nasa kurakuran a ciki. Ya gano dabarar Japan ɗaya ce suke ta maimaitawa, su ratsa daji su ɓullo ta bayanka su tare hanyar motarka, kai kuma da ka ji an datse maka hanyar abinci sai hankalinka ya tashi ka juya. Sojan Ingila da na Indiya kuma sun riga sun sa a ransu cewa ɗan Japan aljani ne a daji. To da aka ba shi runduna ta 14 a watan Oktoban 1943 ta nan ya faro, kin san ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa sai ya koyi zaman daji, har akawu da kuku da direba, ya ce a wannan yaƙin babu wanda ba mayaƙi ba. Ya riƙa tura ƙananan sintiri, in an ga 'yan Japan kaɗan a aika musu ninkin-ba-ninkinsu a murƙushe su, don dai yaransa su gani da idonsu cewa mutanen nan suna mutuwa kamar kowa. Sannan ya kafa doka, in an zagaye ku ba gudu, ku haƙa ramuka ku zauna, abinci da harsashi za su zo ta sama.

Sai maganar cuta, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki. A lissafinsa na 1943, duk soja ɗaya da aka kwaso saboda rauni, an kwaso 120 saboda rashin lafiya, galibi zazzaɓin cizon sauro da atuni. Akwai ƙwayar rigakafi mai suna mepacrine amma sojoji ba sa sha, ana ta raɗe-raɗin wai tana kashe mazakuta. Slim ya ce wannan ba aikin likita ba ne aikin kwamanda ne, ya riƙa kai samame ana gwada bataliya gaba ɗaya, in waɗanda suka sha ba su kai kashi 95 cikin 100 ba sai ya tsige kwamandan. Mutum uku ya tsige sauran suka shiga taitayinsu. Ya kuma sa aka kafa wuraren jinya dab da fagen daga maimakon a kwashi mai zazzaɓi zuwa can cikin Indiya ya yi watanni. Abinci ma aiki ne, ga Musulmi ga Hindu ga Sikh ga Gurka ga Bature ga mutanen Afirka, kowa da abin da yake ci da wanda ba ya ci. In sojan gaba suka koma rabin abinci to hedikwatarsa ma rabi za ta ci. Yakan gaya wa hafsoshinsa cewa kada ɗayansu ya ci ko ya sha ko ya kwanta sai ya tabbatar yaransa sun yi. Ya hau kan mota ya tsaya ya yi wa sojoji magana da yarensu, shi ya sa suke kiransa Kawu Bill. Da laimar sauka ta siliki ta yi ƙaranci sai ya sa masaƙun Kalkata suka yi ta da zaren da ake buhun algarara, aka ci gaba da jefa kaya.

Gwajin farko ya zo a Fabrairun 1944 a yankin Arakan da ke gaɓar tekun yammacin Boma. Japan suka yi abin da suka saba, suka zagaye runduna ta 7 ta Indiya, ɗaya daga ƙananan rundunonin da ke ƙarƙashin ta 14, amma wannan karon ba wanda ya motsa, akawuna da masu kiwon alfadarai suka riƙe wurin sama da mako biyu jirage na jefo musu kaya, har masu ƙawanyar suka ji yunwa suka janye. Sai babban ya biyo baya a watan Maris, Janar Mutaguchi ya tsallako Chindwin da mutum wajen 85,000 zai shiga Indiya, da guzurin kusan mako uku kacal, wai sauran zai ci daga rumbun Ingilishi. Slim ya janye sojojinsa da gangan zuwa filin Imphal da ke cikin Indiya, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, so yake Japan su yi nisa da abincinsu shi kuma ya yi faɗa a kusa da nasa. Amma nan ma ya yi kuskure biyu kuma ya amsa su, ya makara wajen janye runduna ta 17 har sai da ta yi faɗa ta fasa hanya, sannan ya zaci 'yan kaɗan ne za su iya hawa duwatsun Kohima sai ga runduna sukutum mutum wajen 15,000 a kan masu tsaro da ba su wuce 1,500 masu riƙe bindiga ba. A Kohima har filin wasan tanis na gidan baturen mulki ya zama fagen daga, waɗannan na wannan gefe waɗancan na wancan suna jifan juna da gurneti. Aka ɗauko runduna ta 5 ta Indiya gaba ɗayanta a jirgin sama daga Arakan har da igwa da alfadarai. Ranar 22 ga Yuni aka buɗe hanyar Imphal zuwa Kohima. Japan suka juya cikin damina ba abinci, sun yi asarar sama da mutum 50,000, da yawa yunwa da cuta ce ta kashe su a hanya.

In kina son ganin gwanintar tsantsa to ki duba 1945. Sabon kwamandan Japan, Kimura, ya ƙi tsayawa inda Slim ya so, ya koma bayan kogin Irrawaddy yana jira a tsallako ta wajen Mandalay ya yi musu kaca-kaca a bakin ruwa. Slim ya jefar da shirinsa na farko cikin 'yan kwanaki. Ya bar hedikwatar bogi a arewa tana ta surutu a rediyo kamar ɗaya daga manyan rundunoninsa tana nan, ita kuwa ta ainihin ta kashe rediyonta ta bi wani kwari ta yi kudu ɗaruruwan mil a ɓoye, ta tsallaka kusa da Pagan a tsakiyar Fabrairu, ta faɗa wa Meiktila da tankoki, garin da rumbunan Japan da asibitocinsu da filayen jirginsu suke. Farkon Maris Meiktila ta faɗi, 20 ga Maris Mandalay ta bi, daga nan sai tsere da damina zuwa Rangoon, wadda aka shiga ta teku ranar 3 ga Mayu an tarar Japan sun fice. Wannan ne ya sa a 2011 da gidan tarihin sojan Birtaniya ya yi zaɓen gwanin janarorinsu ya yi kunnen doki da Wellington wanda ya ci Napoleon. Turawa na wasa nasu kam, amma wannan ba wasa ba ne kawai.

TAMBAYA: Malam mu a nan kakanninmu da yawa sun je, har barikin soja a Ankara sunansa Burma Camp. Shin mutanenmu faɗa suka yi ko dako kawai? Kuma shi Slim ɗin ya san da zamansu? Daga wani dattijo a zangon Kumasi.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Sun yi faɗa sun yi dako, kuma dakon ma ba abin rainawa ba ne, yanzu zan faɗi dalili. Afirka ta Yamma ta tura runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gwalkwas wato Ghana ta yanzu da Saliyo da Gambiya, ga kuma ta 11 daga gabashin Afirka, jimilla mutanen Afirka wajen 90,000, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa. Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki a wannan sojan, har Turawan hafsoshi sai sun koya. Wanda ya matsa a kai su Boma shi ne Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabantar sojan Afirka ta Yamma kuma a lokacin shi ne ogan Slim. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, Ananse na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Na 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye kan gammo. Gammon ɗan dako fa Baba, shi aka ɗora a kafaɗar kowane soja har janar ɗinsu.

Dalili kuwa, rundunonin Indiya da na Ingila sai da mota ko alfadari, namu kuwa suna da dubban 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, don haka suna shiga inda ba hanya sam. Shi ya sa aka jefa ta 81 kwarin kogin Kaladan tun ƙarshen 1943 don ta tsare gefen masu faɗa a Arakan, suka sare daji da adda da gatari suka yi hanyar jif mai mil wajen 75, kuma su ne babbar runduna ta farko da aka ciyar ta sama zalla wata da watanni. Kun ga dabarar da Slim ya ci yaƙi da ita a kansu aka fara gwada ta da girma. Sun sha wuya a Maris 1944 da Japan suka yi musu ba-zata a wajen Kyauktaw suka tura su baya, daga baya aka canja musu kwamanda, suka sake komawa bayan damina, a Janairun 1945 su da ta 82 suka haɗu suka ci Myohaung tsohon birnin Arakan. Ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk har Taungup. Bataliya uku na Najeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an haɗa da mayaƙan Chindit na Janar Wingate, aka sauke su ta jirgi can bayan layin Japan a 1944 suka tsare sansanin da ake kira White City. Ɗan'uwanmu na Zariya da ya yi tambayar farko, barikin Chindit da kake wucewa daga nan sunansa ya fito. Haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Tamandu da An da Myohaung a Legas, da Myohaung ɗinku na Takoradi. Har yau sojan Najeriya na da runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu.

Slim ya san da su, ya ziyarce su, kuma a littafin da ya rubuta kan yaƙin a 1956 ya yabi ladabinsu ya ce sun fi duk sojan da ya gani sakewa a daji. Ya kuma soki yadda aka cika bataliyoyinsu da Turawa ana hana baƙin saje da kofur yin gaban kansu. Sai dai a sani daga ƙarshen 1944 an cire rundunonin Arakan daga ƙarƙashinsa, don haka nasarar Myohaung a hannun Janar Christison aka yi ta. Amma ni dai raina bai gamsu ba, shafukan da ya ba su ba su kai jinin da suka zubar ba, kuma mutumin da ke kukan an manta da rundunarsa ya kamata ya fi kowa jin zafin waɗanda aka manta a cikin waɗanda aka manta. Albashinsu bai kai na farar fata ba, hafsa baƙi kusan babu, ana musu bulala, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Ku a Ghana kun fi kowa sanin ƙarshen abin, ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka yi tattaki za su kai kokensu ga gwamna a fadarsa ta Christiansborg aka buɗe musu wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi, Ankara ta kama da wuta, daga nan maganar 'yancin kai ba ta ƙara kwanciya ba.

TAMBAYA: Wai da gaske ne an kore shi daga aiki bayan ya ci yaƙin? Daga wani tsohon soja a Kaduna.

AMSA: Oga an yi yunƙuri har sau biyu, kuma duk biyun reshe ne ya juye da mujiya. Na farko a 1943, ogansa Janar Irwin ya ɓata wani hari a Arakan ya ƙi jin shawararsa, da abin ya rushe sai ya nemi ɗora masa, ƙarshe Irwin ɗin aka cire. Na biyu a Mayun 1945 ana cikin murnar Rangoon, ogansa na lokacin Janar Oliver Leese ya zo ya ce masa wai ya gaji, za a ba wani rundunar ta 14 ta tafi Malaya shi ya zauna share-share a Boma. Slim bai yi hayaniya ba ya ce to shi zai yi ritaya. Labari na fita runduna ta ɗauki zafi, hafsoshi na cewa za su ajiye aiki, magana ta kai Landan, aka tsige Leese aka ba Slim kujerarsa. Ya yi ritaya a 1948 ya tafi hukumar jirgin ƙasa, ba a rufa shekara ba firaminista Attlee ya dawo da shi ya gaji Montgomery a matsayin babban hafsan sojan ƙasa, duk da Montgomery wani yake so. Shi ne na farko daga sojan Indiya da ya hau wannan kujera, ya zama fil mashal a 1949. Daga 1953 zuwa 1960 ya yi gwamna janar na Ostareliya, ya rasu a Landan ranar 14 ga Disamban 1970 yana da shekara 79.

TAMBAYA: Malam kar ka yi ta yabo kawai, ni na ga wani zargi mara daɗi a kansa a intanet. Mene ne gaskiyarsa? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya kin kyauta da kika tayar da ita, ba zan ɓoye ba. Bayan yaƙi Birtaniya ta riƙa kwasar yara marayu da 'ya'yan talakawa tana kai su Ostareliya, wasu aka ajiye su a makarantar gona ta Fairbridge da ke Molong. Daga 2007 wasu daga cikin yaran nan, lokacin sun zama dattawa, suka fito suka ce Slim ya ci zarafinsu ta hanyar lalata in ya kawo ziyara yana gwamna janar. Ɗansa ya musanta, shi kuma ya rasu shekaru da yawa kafin maganar ta fito don haka bai tsaya gaban alƙali ba. Amma mutanen ba ɗaya ba ne, sun faɗa da sunansu a fili, kuma an tabbatar cewa an zalunci yara sosai a irin waɗannan gidajen. Ni a wajena maganar yaron da ba shi da uwa ba shi da uba a ƙasar da ba tasa ba ba abin da za a ture ba ne don wanda ake zargi ya ci yaƙi, kuma tun da na san da ita ba na iya karanta labarin Kawu Bill yadda nake karantawa da. Hukumar birnin Canberra ta saurare su, a 2019 ta sanar za ta cire sunansa daga wani babban titi, yanzu titin Gundaroo ake kiransa. Mutum-mutuminsa da aka kafa a 1990 yana nan tsaye gaban ma'aikatar tsaro a Landan.